Wasu kwabban tagulla biyu na Rumawa masu hoton mata, su waye waɗannan?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masana tarihi da masu tara tsofaffin kuɗi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Ni a Ingila nake zaune wajen aiki, to akwai wata 'yar kasuwa da masu sayar da tsofaffin kwabbai ke ci lokaci-lokaci a wani zaure kusa da unguwarmu, na shiga ne kawai in duba ko zan samu sule ko taro irin wanda kakanmu ke ajiyewa a gwangwani, sai na tarar da wani dattijo da faranti maƙil da wasu mitsi-mitsin kwabbai, wasu baƙaƙe wasu kore-kore, ya ce min na Rumawa ne na ƙarni na huɗu. Na tsuguna ina ta tonawa, kusan duka kawunan maza ne, can sai ga guda biyu masu fuskar mace, wallahi ban san lokacin da na zaro kuɗi na biya ba.

Ƙanana ne sosai, na gwada da rula kowanne wajen milimita 15, nauyi kuma bai kai giram 2 ba. Na farkon da na haska da fitilar waya na karanto FL IVL HELENAE AVG, a bayansa wata mace ce a tsaye riƙe da reshen bishiya da doguwar sanda a karkace, an rubuta PAX PVBLICA. Na biyun FL MAX THEODORAE AVG, bayansa mace rungume da jariri a ƙirji, rubutun ya ɗan goge amma ina ganin PIETAS ROMANA. A ƙarƙashin ƙafafunsu akwai wasu ƙananan haruffa kamar TR da wani abu da datti ya rufe.

Abin da nake son sani, su waye matan nan, mulki suka yi da kansu irin su Daurama da Amina ta Zazzau ko kuwa matan sarki ne kawai? Sannan me ya sa kwabban suka yi kama haka kamar maƙeri ɗaya ya buga su rana ɗaya? Na ukun, zan iya goge su da lemun tsami da toka su yi haske? Na gode.

Tsohon Tica:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, ajiye lemun tsamin nan da tokar, kar ka kusanci kwabban da su, masu tarawa za su zo su yi maka bayanin dalili. Ni bari in ɗauki ɓangaren tarihi, don abin da ka riƙe a hannu labarin 'yan ubanci ne na gidan sarauta, kuma dacen da ka yi shi ne ka ɗauko su biyun tare, da ɗaya ka ɗauko da rabin labari ka samu.

Miji ɗaya suka yi, Konstantiyus na farko, wanda ya rasu a garin York nan Ingila inda kake, a shekarar 306. Helena ita ce ta farko, 'yar talakawa ce, har wani babban limamin coci na Milan mai suna Ambros ya ce a masaukin matafiya take aiki da farko. Ita ta haifa masa Konstantin, wanda daga baya ya zama babban sarki ya gina Kustantiniyya wato Istanbul ta yau. Da tauraron Konstantiyus ya fara haskawa a soja sai ya rabu da ita wajen 289 ya auri Tiyodora daga gidan sarki Maksimiyan, a 293 kuma aka naɗa shi Kaisar, ma'ana mataimakin sarki mai jiran gado. Tiyodora ta haifa masa shida, uku maza uku mata. To ka ga gida ya rabu biyu kenan, ɗakin Helena mai ɗa tilo amma shi ne babba kuma shi sojoji suka ɗaga a York da uban ya mutu, da ɗakin Tiyodora masu yawa kuma masu taƙama da cewa uwarsu 'yar gidan sarauta ce.

Da Konstantin ya gama da abokin hamayyarsa Lisiniyus a 324 ƙasa ta zama tasa shi kaɗai, sai ya ba uwarsa sarautar Augusta, laƙabin girmamawa ga matar sarki ko uwarsa, shi ne AVG ɗin nan da ka karanta. Amma fa kwabonka ba na lokacin ba ne. Duba ƙarshen sunan, HELENAE da THEODORAE, wannan AE ɗin a Latin yana nufin "domin Helena", "domin Tiyodora", kamar abin tunawa da mamaci. Dukansu ba su raye lokacin da aka buga, tsakanin 337 da 340 aka yi su. Tiyodora ma tana raye ko kwabo ɗaya ba a taɓa buga mata ba.

Me ya faru a 337? Ranar 22 ga Mayu Konstantin ya rasu kusa da Nikomediya. Kafin rasuwarsa ya jawo 'ya'yan 'yan ubansa jiki, ya naɗa Dalmatiyus Kaisar a 335, ya aurar wa Hannibaliyanus 'yarsa ta cikinsa har ya ba shi sarauta a gabas, wato yana son a yi rabon da kowane ɗaki zai samu. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba sojoji suka bi mazan ɗakin Tiyodora suka karkashe, 'ya'yanta da jikokinta, cikin 'yan kaɗan da suka tsira akwai yara biyu Gallus da Yuliyan, shi Yuliyan bai wuce shekara shida ba a lokacin. Ranar 9 ga Satumba 'ya'yan Konstantin uku suka raba ƙasar su kaɗai. Yuliyan ɗin nan ya girma ya zama sarki a 361, kuma da hannunsa ya rubuta cewa Konstantiyus na 2, ɗaya daga cikin 'ya'yan Konstantin ukun nan, shi ne ya sa aka kashe masa uba da dangi.

To a cikin wannan hali ne kwabbanka suka fito, a garuruwa uku kacal, Trier da Rum da Kustantiniyya. Ɗaya na cewa zaman lafiyar jama'a, shi ne PAX PVBLICA, ɗayan na cewa PIETAS ROMANA wato riƙon zumunci da sauke haƙƙin iyaye da dangi irin na Rumawa. Ka duba fa, an kashe wa mace 'ya'ya da jikoki, sannan a buga hotonta a kuɗi da jariri a baya ana maganar zumunci. Ni a fahimtata lallashi ne da wanke kai, ana gaya wa soja da ɗan kasuwa cewa gidan nan har yanzu ɗaya ne. Babu wadda ta yi mulki da kanta a cikinsu.

Maman Ilham:

Innalillahi, Baba Tica wannan labari ya taɓa min zuciya gaskiya. Ashe dai kishi da 'yan ubanci ba a kanmu aka fara ba. Amma Baba ka yi haƙuri in ɗan ja da kai a wuri ɗaya, ni ban yarda a ce Helena hoto ce kawai ba. Matar da aka fitar daga gida saboda an samu 'yar masu mulki, ta yi shekara da shekaru ba a jin ɗuriyarta, sannan ta dawo ta zama uwar sarkin duniya guda, tana tsohuwa tukuf ta kama hanyar Falasɗinu wajen 326 ta je ta tsaya kan ginin coci a Baitalami da kan Dutsen Zaitun tana rabon kuɗi wa talakawa da sojoji, Yusebiyus, limamin coci marubucin tarihi da ya yi zamani da su ma ya ce ɗan ya sakar mata baitulmali ta ɗiba yadda ta so, ai wannan ba ƙaramin iko ba ne ko da ba ita ke kan gadon ba. Mu nan ma duk wanda ya san gidan sarauta ya san me ake nufi da uwar sarki.

Abin da ya fi ba ni tausayi ma Fausta ce matar shi Konstantin ɗin. Na taɓa ganin hoton kwabonta tana tsaye rungume da yara biyu, an ba ta Augusta tare da surukarta a 324, shekara biyu kawai aka yi sai aka kashe Krispus ɗan mijinta na wata matar a 326, ba a jima ba ita ma ta tafi, marubutan da suka zo baya suka ce a ɗakin wanka aka rufe ta aka ƙara wuta har ta mutu, aka goge sunanta daga rubuce-rubuce. To yanzu da na karanta bayaninka sai na lura da wani abu, 'ya'yanta ne fa suka hau mulki a 337, Konstantiyus na 2 da Konstans ita ta haife su, amma suka buga kuɗi da sunan kakarsu da sunan kishiyar kakarsu, uwar da ta tsuguna ta haife su ko kwabo ɗaya. Wannan abu ya tsaya min a wuya.

Ni dai tun ina yarinya mace a jikin kuɗi tana burge ni, kakata tana da azurfar nan mai hoton Maria Theresa mai shekarar 1780 da take ratayawa a sarƙa, yanzu kuma duk sanda na juya naira 20 na ga Ladi Kwali tana ginin tukunya sai na ɗan tsaya na kalle ta.

Ba-Damagare a Jamus:

Yaya Ɗan Fagge barka da shigowa harkar, na kai shekara goma ina tara na ƙarni na huɗu kuma matan nan su na fi bi. Bari in fara da wanki tunda shi ne na gaggawa. Wannan baƙi-baƙin ko kore-koren da ke jikinsu mai santsi shi ne fatar kwabon, shekaru 1,700 suka gina shi, kuma sau da yawa rubutun ma a jikinsa yake zaune, in ka sa tsami ya cinye shi abin da zai rage maka jan ƙarfe ne mai ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana, darajar ta tafi kuma ba ta dawowa. Ka samu ruwan da aka tace irin wanda ake sayarwa don batir ko dutsen guga, ka jiƙa su kana canza ruwan bayan kwana biyu-biyu, sai ka bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi da tsinken sakace, a hankali, sati biyu ko uku ba komai ba ne. Ban da soson ƙarfe, ban da man goge tagulla. Abu ɗaya da za ka sa wa ido shi ne wani kore mai haske da ke fitowa kamar gari, in ka taɓa ya zubo, wannan ciwo ne, gishirin ƙasa ne da danshi ke cin ƙarfen, ka ware wanda ya kamu daga sauran ka ajiye a busasshen wuri.

TR ɗin da ka gani Trier ne, na je garin sau biyu, har yau babban zauren fadar Konstantin na nan tsaye da jan bulo. Harafi na uku zai zama P ko S, lambar sashen maƙerar da ya buga ne, na ɗaya ko na biyu. Kuma ba mamaki ka same su a Ingila, don an rufe gidan buga kuɗi na Landan wajen 325, daga nan yawancin canjin da ake kashewa a tsibirin daga Trier da Liyon da Arles yake zuwa, na Tiyodora ma na Trier sun fi yawa nesa ba kusa ba. In ka ci gaba za ka riƙa ganin wasu alamun, SMK na Sizikus, SMN na Nikomediya, SMTS na Tasalonika, SIS na Sisiya, CONS na Kustantiniyya, ANT na Antakiya, ALE na Iskandariyya ta Masar, su na gabas da haruffan Girka suke ƙirga sassan maƙera.

Kan ƙanƙantar da ka yi magana, tsadar rayuwa ce ta cinye su. Lokacin da sarki Diyokletiyan ya gyara kuɗi wajen 294 kwabon tagullar ya kai giram 10 da ɗan shafen azurfa a sama. Na Galeriya Valeriya 'yarsa da aka buga tsakanin 308 da 311 yana nan da girmansa wajen milimita 25, giram 6 zuwa 7, GAL VALERIA AVG, a baya Venus, abar bautar Rumawa, riƙe da tuffa an rubuta VENERI VICTRICI, in ka riƙe shi ka san ka riƙe kuɗi. Ita ma ƙarshenta bai yi kyau ba, bayan mijinta Galeriyus ya mutu Lisiniyus ya sa aka sare kanta ita da uwarta a Tasalonika aka jefa gawarwakin a teku. Zuwa 324 na Helena da Fausta sun koma wajen giram 3, milimita 19, zuwa naka kuma nauyin ya koma kusan rabin haka. Masu tarawa da faɗi suke raba su, AE a nan kuma tagulla yake nufi, wanda ya haura milimita 25 AE1, 21 zuwa 25 AE2, 17 zuwa 21 AE3, ƙasa da 17 AE4, naka AE4 ne.

Shawarata ka nemi na Helena da aka buga tana raye ka haɗa da naka, FL HELENA AVGVSTA, baya SECVRITAS REIPVBLICE, ka lura babu A kafin E ɗin ƙarshe, haka suka buga shi kusan ko'ina, alhali na Fausta REIPVBLICAE ne cikakke, kar wani ya ce maka jabu ne saboda haka. Jabu ana gane shi ne da layin haɗi a gefe da ƙananan ƙuraje a fuska da rubutu mai laushi kamar sabulun da ya jiƙa, don na gaske da hatimi da guduma aka doke shi, ba zuba shi aka yi a mazubi ba.

Sai gargaɗi ga 'yan uwa ɗalibai da ke Turkiyya da Masar, kar ku ga wannan hira ku je ku saya a hannun wani a bakin kango, dokar ƙasashen nan ta hana ciniki da fitar da kayan tarihi, a filin jirgi ake kama mutum kuma maganar kotu ce.

Tsohon Tica:

Maman Ilham 'yata, na karɓi gyaranki kan Helena, tana da faɗa a ji, abin da nake nufi shi ne doka da runduna ba da sunanta suke tafiya ba. Sai dai kalmar kishiya mu ɗan sassauta ta, dokar Rumawa mace ɗaya ta sani a lokaci guda, ba su taɓa zama gida ɗaya suna raba kwana ba, sai da ɗaya ta fita ɗaya ta shiga. Maganarki kan Fausta kuwa ta zauna daram, ban ma kawo ta a raina ba sai da kika faɗa.

In kina son ganin inda matan suka fara ɗaukar kamannin mulki sosai a kuɗi sai ki gangaro gaba. Bayan waɗannan na 340 an yi shekara arba'in da 'yan kai babu matar sarki a kwabo, sai a 383 Tiyodosiyus na farko ya ba matarsa Flasilla sarautar Augusta. Ki dubi tagullarta, AEL FLACCILLA AVG, kambin lu'ulu'u a ka, alkyabbar sarauta a kafaɗa da maɗaurin nan mai daraja irin wanda sarki kansa ke sawa, a baya kuma mai fukafukai alamar nasara na zaune tana zana haruffan sunan Almasihu a jikin garkuwa. Babu jariri a nan, kayan sarki aka sa mata. Sunanta Aelia ma sai ya zama kamar laƙabin sarauta, matan da suka biyo baya duk suka ɗauka. Matar ɗanta Arkadiyus, Yudoksiya, da aka naɗa a watan Janairun 400, ita har hannu aka zana yana saukowa daga sama da kambi a saman kanta, a wani kwabon tana zaune kan karaga tana fuskantar mai kallo, wato ana cewa naɗin daga sama ya zo. Ita ce ta yi rigima da babban limamin Kustantiniyya Yohanna Krisostom har aka kore shi daga birnin a 404, shekarar da ita ma ta rasu.

Tunda Ba-Damagare ya taɓo girman kwabo bari in ƙara wani abu da ɗalibaina ke jin daɗinsa. Masu tarawa suna kiran waɗannan tagulla follis, asalin kalmar jakar fata ce da ake ɗaure canji a ciki. A 498 sarki Anastasiyus ya fito da babban kwabon tagulla mai harafin M a baya, aka riƙa kiransa da wannan suna, daga nan Larabawa suka samu fals, jam'insa fulus, wanda duk alhajin da ya yi ciniki a Makka ko ɗan uwanmu na Sudan da Chadi ya san shi. Dinari ma daga denarius ɗinsu ya fito. Hotunan mutane kuma sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shekara ta 77 bayan hijira, aka cire su daga dinarin Musulmi aka bar rubutu zalla.

Ɗan Fagge:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Tica Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya Maman Ilham da ɗan uwana na Damagaram na gode ƙwarai. Lemun tsamin na yanka shi tun kafin in yi tambayar, Allah ya sa na tsaya jiran amsa. Yau kwana huɗu suna cikin ruwan, jiya da daddare na bi ƙasan na Tiyodora da tsinke a hankali sai ga TRP ya fito fes da ɗan ɗigo a gefe, na Helena kuma TRS nake gani amma S ɗin bai gama fita ba, na mayar da shi ruwa. Har jaririn ma yanzu ana ganin kansa da ɗan hannunsa. York jirgin ƙasa ɗaya ne daga inda nake, ranar hutuna zan je in ga wurin da aka ɗaga Konstantin, an ce akwai mutum-mutuminsa a zaune a gefen babban cocin garin. Ba-Damagare dan Allah in dattijon nan ya dawo wata mai zuwa zan nemi Fausta a farantinsa, tsakanin mai SALVS REIPVBLICAE da mai SPES REIPVBLICAE wanne ya fi sauƙin samu da fuska mai kyau, kuma in gashin kanta ya goge ta yaya zan bambanta ta da Helena tun kafin in karanta sunan?